Kada a Daina Duba Wuyan Mai Shanyewar Ɓarin Jiki: Martani

Na karanta rubutun da wani babban likita ya yi a makon jiya, inda ya shawarci abokan aikinsa su daina tura masu shanyewar ɓarin jiki ɗakin sikanin don a duba musu jijiyoyin wuya. Sau biyu na karanta shi, na biyun bayan na tashi daga aiki, domin ɗakin da yake cewa a daina turo mutane, a cikinsa nake wuni. Dakta ya girme ni a aiki, kuma tausayin talaka ne ya sa shi rubutun, wannan ban yi shakka ba. Amma idan aka bi shawararsa, akwai wanda zai kwanta a gado har ƙarshen ransa alhali an sami damar tare abin aka bari ta wuce. Shi ya sa na kasa yin shiru.

Ga abin da ya ce, gwargwadon fahimtata. Sikanin Dofla na wuya, a ganinsa, ƙiyasi ne da ya dogara ga hannun mai riƙe na'ura: mutum biyu su duba wuya ɗaya, kowa ya rubuta lambarsa daban. Manyan binciken da suka kafa hujjar yin tiyata ma ba da Dofla aka auna jijiyoyin ba, don haka mai neman gaskiya ya tafi kai tsaye ga hoton siti na jijiyoyi, wanda ba shi da hali kuwa ya haƙura. Ya ƙara da cewa ciwon mutanenmu na hawan jini ne, ko jijiya ta fashe a cikin kai ko ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa su toshe, ƙuncin jijiyar wuya kuwa ya fi zama ciwon Turawa. Ya rufe da tambayar da ta fi duk sauran nauyi: ko an gano ƙuncin, wa zai yi tiyatar? Gara kuɗin ya tafi ga maganin hawan jini.

Akwai ƙanshin gaskiya a kowace magana a nan. Inda muka rabu shi ne hukuncin da ya ɗora a kai.

Bari in fara da abin da ake nema a wuyan, saboda mai karatu wanda ba aikinsa ba ne. Manyan jijiyoyi biyu ne ke hawa ta gaban wuya, ɗaya dama ɗaya hagu. Su kake ji suna bugawa idan ka ɗora yatsa ƙarƙashin muƙamuƙi. Daidai wurin kowacce ke rabuwa biyu, reshe ɗaya ya tafi fuska, ɗayan ya shige cikin kai ya shayar da ƙwaƙwalwa da ido. A wannan mararraba kitse ya fi son taruwa a bangon jijiya, musamman ga mai hawan jini, mai ciwon suga, mashayin taba da wanda shekaru suka ja. Saman kitsen kan tsage, jini ya daskare a kansa, ɗan ɓarɓashi ya ɓalle ya bi jini sama ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa. Wani likita ɗan Kanada, Miller Fisher, shi ya fito da wannan alaƙa fili a 1951. A 1954 kuma Eastcott da abokan aikinsa a Landan suka ba da rahoton tiyatar jijiyar wuya da suka yi wa wata mata da ɓarin jikinta ke yawan shanyewa yana sakewa. Wato shekara saba'in ke nan duniya ta san cewa wani kaso na wannan ciwo daga wuya yake tasowa, wurin da hannu ke kaiwa.

Wani dattijo tela ba ya fita raina. Yana tsakiyar yankan shadda almakashi ya suɓuce daga hannunsa na dama, baki ya karkace, ya yi ta ƙoƙarin kiran yaron shago sunan ya ƙi fita. Kafin a samo abin hawa abin ya sake shi, ya ɗauki almakashinsa zai ci gaba da aiki. 'Yarsa ce ta kafe sai an je asibiti. Hoton kai bai nuna zubar jini ba, likitan da ya gan shi ya turo shi wurina washegari.

"Baba, ɗan juya kanka wajen bango," na ce masa, ina shafa masa man sikanin a wuya.

"Ɗana, ai na warke. Yaran nan ne suka tilasta ni."

A jijiyar dama ƙarar jinin ta fito a tausashe, shuu, shuu, kamar yadda aka saba. Da na koma hagu na hau kan mararrabar, sai ƙarar ta tsuke ta koma siririya mai tsini kamar fito, launin da ke kan allo ya rikice, lambar saurin jini ta haura 230, iyakar babban ƙunci, nesa ba kusa ba. Na tambaye shi ko idonsa ya taɓa yin wani abu. Ya yi shiru, sannan ya ce kwana huɗu da suka wuce yana alwala idon hagu ya yi duhu kamar an saki labule, ya ɗauka yunwa ce. Idon hagu, hannun dama, magana: duk jijiya ɗaya ce ke ba da labarinta. Ranar aka sa shi a magani, aka tura shi hoton siti, hoton ya tabbatar da abin da na gani, aka haɗa shi da masu tiyata a wani gari. Ina tambayar Dakta da girmamawa: da an bi shawararka, me za a ce wa wannan dattijo? Ya koma shago ya jira babbar shanyewa?

Abin da rubutun bai taɓo ba ko sau ɗaya shi ne lokaci, kuma a wannan ciwo lokaci ne kusan komai. A 2004 Peter Rothwell da abokan aikinsa suka haɗa bayanan manyan gwaje-gwajen tiyatar nan biyu, NASCET na Amurka da Kanada da ECST na Turai, suka duba masu ƙuncin da ya kai kashi 50 cikin 100 ko fiye. Waɗanda aka shigar da su gwajin cikin mako 2 da alamar ƙarshe, tiyatar mutum 5 ta isa ta hana shanyewa guda ɗaya cikin shekara 5. Waɗanda aka bari suka haura mako 12, sai an yi wa mutum 125 kafin a hana guda. A 2007 binciken EXPRESS a Ingila ya nuna cewa gaggauta dubawa da fara magani bayan ƙaramin farmaki irin na dattijon nan ya sauko da sake shanyewa cikin kwana 90 daga kimanin kashi 10 zuwa kimanin kashi 2. To wace na'ura ce za ta ba da amsa a cikin waɗannan kwanaki? Dofla ba ya buƙatar allura, ba ya taɓa ƙoda, ba haske mai cutarwa, ana gama shi cikin rabin awa, ana iya turo na'urar har bakin gado, kuma sau da yawa na'urar da ake duba masu juna biyu da ita tana iya yin aikin idan tana da kan da ya dace da wuya. Hoton siti kuwa sai an je babban gari, sai an gwada ƙoda, sai dangi sun haɗa kuɗi, sai an yi sa'a na'urar tana aiki. Mun sha ganin mako biyun nan sun ƙare ana ta zirga-zirga. Wanda aka hana shi Dofla aka ce ya jira siti, a mafi yawan lokuta ba hoton da zai samu ko ɗaya.

Yanzu maganar hannun mai na'ura. Gaskiya ne, kuma ni na fi kowa saninta. Dofla saurin gudun jini yake aunawa, daga saurin ake gane ƙunci. Duk wanda ya taɓa ban-ruwa a lambu ya san idan ka danne bakin tiyo da babban yatsa ruwan sai ya yi tsiri da ƙarfi; haka jini yake a matsattsiyar jijiya. Amma aikin yana da ma'auni. Ƙwararrun sikanin na Amurka sun fitar da matsaya a 2003: saurin da bai kai santimita 125 a daƙiƙa ba yana nuna ƙuncin bai kai rabi ba, daga 125 zuwa 230 ƙuncin kashi 50 zuwa 69 ne, abin da ya haura 230 kuwa kashi 70 ne ko fiye. Ana kuma kwatanta saurin wurin da na jijiyar da ke ƙasa da mararraba. Idan ya ninka sau 4 hujja ta ƙara ƙarfi. Kusurwar da ake aunawa da ita kada ta wuce digiri 60, domin da zarar ta wuce lambar ta fara ƙarya. Mafi yawan saɓanin da Dakta yake gani tsakanin takarda da takarda daga nan yake: wani ya karkata kusurwa, wani bai bi jijiyar har ya sami wuri mafi tsauri ba, wani ya rubuta "akwai ƙunci" ba lamba ba ma'auni. Wannan ciwon rashin horo ne, kuma yana da magani. Shin idan masu auna hawan jini biyu suka saɓa, na'urar muke jefarwa ko hannun muke gyarawa?

Ba sai mun je nesa neman shaida ba. A Kano an horar da ma'aikata suna auna saurin jini a jijiyoyin cikin kai na yara masu sikila da Dofla, don gano wanda shanyewa ke barazana gare shi tun kafin ta zo a sa shi a magani. Hanyar ta samo tushe ne daga gwajin STOP na 1998 a Amurka, wanda ya sa santimita 200 a daƙiƙa a matsayin iyakar haɗari. Wancan aiki ya fi na wuya wahala, domin ta cikin ƙashin kai ake leƙawa. Idan hannun mutanenmu ya iya wancan, me zai hana shi iya wannan?

Ba zan ɓoye inda Dofla ke gazawa ba, don na taɓa faɗawa ramin. Na taɓa rubuta wa wata mata cewa jijiyarta ta toshe gaba ɗaya, domin na nemi alamar gudun jini ban samu ba. Hoton siti ya nuna akwai ɗan zare siriri na jini yana wucewa. Bambancin ba ƙarami ba ne: jijiyar da ta toshe ɗungum ba a yi mata tiyata, wadda kuwa ke da sauran hanya sai an zauna an yi shawara a kanta. Tun daga ranar ban sake rubuta "ta toshe" ba tare da na nemi a tabbatar ba. Haka nan kitsen da ya yi tauri ya zama kamar dutse yakan yi inuwa ya rufe abin da ke bayansa. Mai gajeren wuya mai kauri yana da wuyar dubawa. Idan jijiyar ɗaya ɓangaren ta toshe, saurin jini a wannan ɓangaren yakan ƙaru ya sa ƙuncin ya yi kamar ya fi yadda yake. Kuma Dofla na wuya ba ya ganin cikin kai. Saboda waɗannan ne ƙungiyar likitocin tiyatar jijiyoyin jini ta Turai, a ƙa'idojinta na 2017 da na 2023, ta sa Dofla cikin hoton farko, sannan ta ce kafin a ɗauki wuƙa a tabbatar da sakamakon da hoton siti ko na maganaɗisu, ko kuma wani ƙwararre na daban ya sake yin Dofla. Matsayina ke nan. Dofla ya tace, ya fitar da 'yan kaɗan da ke da babban ƙunci, su ne za a kashe wa kuɗin siti. Ta haka ma aljihun talakan da Dakta ke tausayi ya fi samun sauƙi.

Dakta ya yi gaskiya da ya ce NASCET da hoton bututu aka auna shi, wato a zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har wuya a fesa ruwan rini a ɗauki hoto, zuriyar hanyar da Egas Moniz ya fara a Fotugal a 1927. Da wannan awo aka gano a 1991 cewa masu ƙuncin kashi 70 zuwa 99 da aka bari a kan magani kaɗai, kashi 26 sun sake shanyewa a ɓangaren cikin shekara 2, waɗanda aka yi wa tiyata kuwa kashi 9. A 1998 aka ga masu kashi 50 zuwa 69 suna amfana amma kaɗan, ƙasa da rabi kuwa ba riba. Sai dai me ya sa duniya ta janye daga hoton bututu a matsayin gwajin yau da kullum? Saboda shi kansa yana shanye mutane. A gwajin ACAS na 1995, kashi 1.2 na waɗanda aka yi wa hoton sun sami shanyewa ta dalilin hoton, kusan rabin duk haɗarin da aka lissafa wa ɓangaren tiyata.

In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Hoton siti yana da kyau ƙwarai: yana nuna hanya tun daga ƙirji har cikin kai, cikin 'yan mintoci, kuma ga wanda ya iso cikin awoyin farko da babbar shanyewa a cibiyar da ke iya zaro gudan jini, ba wanda zai tsaya neman Dofla. Amma yana da nasa kuɗin fansa. Ruwan rinin yana da nauyi ga ƙodar da hawan jini da suga suka riga suka gajiyar, kuma su ne marasa lafiyarmu. Kitse mai tauri yakan yi walƙiya a hoton ya ruɗi mai awo. Hoton maganaɗisu maras rini yakan ƙara wa ƙunci gishiri, mai rinin kuma ana taka-tsantsan da shi ga mai ciwon ƙoda mai tsanani. A 2006 Joanna Wardlaw da abokan aikinta suka tattara bincike 41 suka gwada hanyoyin da hoton bututu. A ƙuncin kashi 70 zuwa 99, Dofla ya kama kashi 89 na masu shi, siti na wancan zamani kashi 76, maganaɗisu mai rini kashi 94. A wajen wanke wanda ba shi da ƙuncin kuwa siti ya fi, kashi 94, Dofla 84. Na'urorin siti na yau sun fi na wancan lokaci, ban musa ba. Amma abin da ke kama kusan tara cikin goma, da wane dalili za a kira shi ɓata kuɗi? Raunin da yake da shi, na ɗora wa wasu ƙuncin da bai kai ba, shi ne daidai abin da hoto na biyu ke gyarawa.

Kuma saɓanin lamba bai tsaya a ɗakinmu ba. NASCET yana kwatanta wurin da ya tsuke da lafiyayyar jijiyar da ke sama da shi, ECST kuwa da faɗin da ake zaton wurin yake da shi asali. Jijiya ɗaya, hoto ɗaya, wannan ya ce kashi 50, wancan ya ce kusan 70. Takardar siti da ba ta faɗi ma'aunin da ta bi ba tana iya kai mutum ɗakin tiyata ba gaira ba dalili, kamar yadda takardar Dofla maras kyau za ta iya.

Batun cewa ciwon Turawa ne ba zan daɗe a kai ba. Binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana, har da Kano da Zariya, wanda aka buga a 2018, ya tabbatar da abin da Dakta ya faɗa cewa hawan jini ne uban tafiya. Amma cikin masu shanyewa 2,118 da ya duba, kashi 32 ne na zubar jini, kashi 68 na toshewa ne, kuma cikinsu akwai masu ciwon manyan jijiyoyi. Hawan jinin nan da sugar nan su ne dai ke tara kitse a wuyan Bature; wane shinge ne zai hana su tara shi a wuyan Bahaushe? Na yarda bincike a Amurka ya nuna baƙar fata sun fi Turawa samun ƙunci a jijiyoyin cikin kai. Wannan dalili ne na a ƙara duba cikin kai idan wuya ya fito lafiya, bai zama dalilin ƙin duba wuyan ba. Kuma wanda bai duba ba, da me ya san babu?

Saura tambaya mai nauyi: wa zai yi tiyatar? Masu yin ta kaɗan ne a wurarenmu, kuɗinta ba na kowa ba ne. Amma sakamakon hoton yana canza abin da likita zai yi ko ba wuƙa. Wanda aka ga kitse a wuyansa, an san inda ɓarɓashin ya fito: za a tsananta maganin rage kitse, a tsaya kan asfirin da danginsa, a yi masa maganar taba da hoton a gabansa, gani ya kori ji. Wanda jijiyoyinsa biyu duk suka tsuke sosai, ba a faɗar masa da hawan jini farat ɗaya, don ƙwaƙwalwarsa da ƙarfin turin take sha. Wanda wuyansa ya fito fes, hankali sai ya koma ga zuciya, ko bugunta ne ya rikice yake jefo gudan jini, kuma maganin wannan daban ne. Ban da haka, wane asibiti ne zai horar da mai tiyata ya sayi kayan aiki domin ciwon da ba wanda ya ƙidaya masu shi? Muddin ba ma dubawa za mu ci gaba da cewa babu, muddin muna cewa babu ba za a tanadi mai yi ba.

Inda nake tare da Dakta ɗari bisa ɗari shi ne ba kowa za a turo ba. Hoton kai ne farko. Wanda jini ya zuba masa a ƙwaƙwalwa ba ya buƙatar sikanin wuya. Wanda shanyewa ta riga ta ci ɓangaren gaba ɗaya, ba abin da tiyata za ta ceto, kada a wahalar da danginsa. Lafiyayyen mutum da bai taɓa jin komai ba, kada a tsorata shi da gwajin wuya a cikin jerin gwaje-gwajen shekara. Kwamitin rigakafi na Amurka ya hana haka a 2014, ya sake hanawa a 2021. Wanda nake roƙo a turo, kuma a turo shi yau, shi ne wanda hannunsa ya mutu ya dawo, wanda maganarsa ta sarƙe ta warware, wanda idonsa ɗaya ya yi duhu ya washe, da wanda shanyewa ta taɓa shi kaɗan yana da sauran abin da za a kare.

Ina da roƙo ga Dakta, kuma da zuciya ɗaya nake yinsa. Takardun duk wanda na duba aka kuma yi masa hoton siti daga baya suna ajiye a wurina. Ya zo mu zauna mu jera su biyu-biyu, mu ƙidaya inda suka dace da inda suka saɓa. Inda hannuna ya kauce ya nuna mini, sannan mu haɗu mu rubuta takardar sakamako guda ɗaya, mai gurbin sauri da gurbin kusurwa da gurbin ma'aunin da aka bi, wadda kowane ɗakin sikanin a garin nan zai riƙa cikewa.